Bayan Kyamara: Yadda Ake Ƙulla Fim Mai Sarƙaƙiya, Daga Daura Zuwa Italiya

Fim mai sarƙaƙiya shi ne wanda aka gina a kan wani ɓoyayyen al'amari: kisan da ba a san wanda ya aikata ba, makircin da ake ƙullawa a fada, ko mutumin da ake farauta alhali bai san mafaraucinsa ba. Abin da ya raba shi da fim ɗin soyayya ko na barkwanci shi ne jarinsa zullumi ne. Mai kallo zai zauna gabansa na faɗuwa, yana ɗokin sanin abin da zai biyo baya, yana kuma fargabar saninsa. Wannan zullumi mutane ne ke haɗa shi da hannu, kuma yawancinsu ba a taɓa ganin fuskarsu a allo: marubuci, mai ɗaukar hoto, mai haske, mai sauti, mai kwalliya, mai kula da kwantiniti, da edita. Matashin da ya kai wayarsa wurin masu tura fim a Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure, jarumi ya sani da bos. Amma abin da ke hana shi ajiye wayar har caji ya ƙare, aikin waɗancan ne.

Masana'antar finafinan Hausa ta faro a Kano da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Shekaru da dama soyayya da waƙa ne suka riƙe kasuwarta, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, finafinan ƙulla-ƙulla kuwa sai dai su leƙo jefi-jefi. Adam A. Zango ya yi Basaja da Gwaska. Tashar Arewa24 ta kawo Kwana Casa'in a 2019, wanda ya kutsa cikin makircin 'yan siyasa a wani ƙagaggen wuri mai suna Alfawa, Aminu Saira kuma ya saba wa mutane da jiran mako-mako ta hanyar Labarina tun daga 2020. Ƙasar Daura ta shigo wannan tarihi kai tsaye da Mai Martaba, fim ɗin Prince Daniel da aka fi sani da Aboki. A Daura aka ɗauke shi, labarinsa rikicin gadon sarauta ne a wata ƙagaggiyar masarauta mai suna Jallaba, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar karo na 97 a ƙarshen 2024, a rukunin finafinan ƙasashen waje.

Idan ana neman ƙasar da za a gwada wannan sana'a da ita, Italiya ta fi Amurka dacewa. A shekarun 1960 da 1970 Italiyawa sun fitar da finafinan kisa da bincike masu yawa, waɗanda suke kira giallo, suna da suka samo daga rawayen bangon littattafan binciken laifi da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. Yawancin masu shirya su ba manyan attajirai ba ne. Kuɗi kaɗan ne, kwanakin ɗauka ƙidayayyu ne, ga hukumar tacewa a ƙasar da cocin Katolika ke da ƙarfi, tacewar da ba a soke ta a hukumance ba sai a 2021. Duk wanda ya san yadda littattafan Kano suka ciyar da finafinan Hausa, tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, zai ga kamannin a fili. Duk da wannan ƙunci, finafinan Mario Bava da Dario Argento da Lucio Fulci sun zaga duniya, har yau ana nazarinsu a makarantun koyon fim.

Rubutu

Aikin yana farawa ne a kan takarda, kuma a nan mafi yawan finafinan sarƙaƙiya ke mutuwa tun ba a kunna kyamara ba. Marubucin irin wannan fim daga ƙarshe yake farowa. Sai ya san wanda ya yi laifin, da dalilinsa, da yadda asirinsa zai tonu, sannan ya dawo baya yana shuka alamu a hanya. Aikinsa na gaba shi ne raba sani: me mai kallo ya sani, me jarumi ya sani, kuma yaushe kowannensu zai sani. Masu tatsuniya sun daɗe da gane wannan. Yaran da ke sauraro sun san tarkon da Gizo ya ɗana, Kura ce ba ta sani ba, kuma tazarar da ke tsakanin saninsu da jahilcinta ita ke hana su barci.

Fim ɗin Argento mai suna Profondo rosso, wanda ya fito a 1975, misali ne mai kyau na rubutun da bai cuci mai kallo ba. Wani makaɗin piyano ɗan Ingila ya hango ana kashe wata mata ta tagar bene, ya ruga cikin gidan, ya ratsa wani siririn soro mai cike da zane-zane a bango. Bayan 'yan sanda sun zo sai ya ji a ransa cewa akwai zane guda da ya ɓace. A ƙarshen fim ne yake gane cewa ba zane ba ne, madubi ne, kuma fuskar wanda ya yi kisan ya gani a ciki. Abin burgewar shi ne fuskar tana nan da gaske a wancan sin na farko, wanda ya mayar da fim ɗin baya zai gan ta. Argento da abokin rubutunsa Bernardino Zapponi sun kuma zaɓi raunukan da kowa ya san zafinsu, irin ƙunar tafasasshen ruwa da buga haƙori a kan kusurwar tebur, domin mutane kaɗan ne suka taɓa jin zafin harsashi. Wannan lissafi tun a wurin rubutu aka yi shi.

A Kannywood, wato masana'antar finafinan Hausa, an gaji wata al'ada daga wasan daɓe da finafinan barkwanci: darakta ya bayyana wa jarumai abin da sin ya ƙunsa, su kuma su ƙirƙiri maganar da bakinsu. A barkwanci wannan kan haifar da abin dariya mai daɗi. A fim mai sarƙaƙiya kuwa ɓarna ce, domin kalma ɗaya da ta fito kafin lokacinta tana iya tona asirin da aka shirya ɓoyewa har ƙarshe. Finafinai masu dogon zango sun ƙara wata wahalar, saboda sau da yawa ana rubutu ne ana nunawa. Idan jarumi ya bar shiri a tsakiya, dole a karkatar da labari ko a nemo wani, kamar yadda aka gani a Labarina lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Marubutan da za su iya aikin suna nan. Nazir Adam Salih, alal misali, da littattafan ban tsoro da al'ajabi ya yi suna kafin ya shiga rubutun fim. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin da ake ba marubuci da kuɗin da ake biyansa.

Da rubutu ya kammala sai furodusa ya karɓa. Shi ke nemo kuɗi, shi ke ɗaukar ma'aikata, kuma shi da mataimakin darakta ke yanka labarin gida-gida: sin nawa ne a zaure, nawa ne a daji, nawa ne na dare, wane jarumi ake buƙata a wace rana. Tunda a masana'antar Hausa akan biya jarumai da yawa gwargwadon yawan fitowarsu, wannan jadawali shi ne kasafin kuɗin fim. Tsamar da ke tsakanin mai kuɗi da darakta kuwa babu inda ba ta. Lokacin da Argento ke ɗaukar fim ɗinsa na farko, L'uccello dalle piume di cristallo, wanda ya fito a 1970, shugaban kamfanin Titanus, Goffredo Lombardo, ya ga abin da aka fara ɗauka bai gamsu ba, ya so a canza darakta. Mahaifin Argento, Salvatore, wanda shi ne furodusan fim ɗin, ya tsaya wa ɗansa, fim ɗin kuma ya fito ya yi kasuwa a Turai da Amurka.

Lokeshan

Wurin ɗaukar fim, wanda 'yan fim ke kira lokeshan, ba bango ba ne kawai da ake tsayawa a gabansa. A fim mai sarƙaƙiya wuri yana taya labari aiki. Ta wannan fuska ƙasar Daura tana da arzikin da kuɗi ba ya saye. Tsohon ginin ƙasa mai kauri, zaure mai duhu da ƙofa ɗaya ke shigo masa da haske, lungun da ke lanƙwasa ba a ganin ƙarshensa, soro bayan soro kafin a kai cikin gida, duk gine-gine ne da aka yi su don sirri, kuma sirri ne abincin irin wannan fim. Ga dawaki da kayan hawa, ga dogarai da makaɗan fada da Hawan Sallah da Sallar Gani suka raya har yau. Mai shirya fim ɗin sarauta a wata ƙasa sai ya ɗinka waɗannan kaya ya kuma koya wa mutane hawa. A Daura akwai waɗanda suka gaji abin.

Sai dai wannan arziki yana zuwa da aiki. Labarin da aka ce ya faru shekaru ɗaruruwa da suka wuce ba ya jure kwanon rufi, ko wayar lantarki, ko ƙarfen sabis da ya leƙo ta bayan kuka, ko baƙar leda da iska ta maƙala a ƙaya, ko sawun tayar babur a kan rairayi. Kafin kowace ɗauka akwai masu share wuri, masu rufe abin da ba ya ciruwa da zana ko asabari, da mai ɗaukar hoto da ke neman kusurwar da za ta ɓoye sauran. Yanayi ma yana da nasa hukunci. Hazon hunturu yana tausasa hasken rana, hoto ya yi kyau, amma ƙurarsa na shiga gilashin kyamara. Zafin bazara yana narkar da kwalliya yana kuma sa na'urori su ɗauke. Fim ɗin da aka fara da rani aka ƙarasa da damina zai nuna gona busasshiya a wani sin, a na gaba kuma gero ya kai ƙugu.

Akwai kuma neman izini, wanda a arewacin Katsina ba abin wasa ba ne. Ana farawa da hakimi, a sauko wurin dagaci da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda. A jihar da ta sha fama da 'yan bindiga, mutum goma ɗauke da bindigogin roba a bakin daji da magariba suna iya jawo abin da ba a shirya ba. A gari irin Babban Mutum, da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, jami'an kwastan da na shige da fice ma sai sun san da zuwan baƙi masu kyamara. Bayan duk wannan sai taron 'yan kallo, musamman yara, waɗanda ke buƙatar mutum na musamman da zai riƙa mayar da su baya yana roƙon a yi shiru.

Italiyawa ma sun sha irin wannan. Duk da suna da Cinecittà, babbar unguwar shirya fim da aka buɗe a birnin Rum a 1937, yawancin Profondo rosso a birnin Turin aka ɗauke shi, kuma gidan shan shayin da ake gani a dandalin da aka yi kisan farko gina shi aka yi don fim ɗin kawai. Sun ma taɓa zuwa maƙwabta. Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Il tè nel deserto, na 1990, a Agadas, tare da mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro, wanda shi ne ya ɗauki fim ɗin Argento na farko, daga baya kuma ya ci Oscar har sau 3.

Ranar ɗauka

Ba a ɗaukar fim bisa jerin labarinsa. Idan an sami zaure na kwana biyu, duk abin da zai faru a zauren, na farkon fim da na ƙarshensa, a kwana biyun za a ɗauka. Jarumi zai iya yin kukan mutuwar ɗan'uwansa da safe, da yamma su zauna tare suna cin tuwo. Kowane sin kuma akan maimaita shi sau da yawa: daga nesa, daga kusa, sannan fuskar kowa ita kaɗai. Wannan ne ya sa mai kula da kwantiniti yake da muhimmanci. Shi ke rubuta hannun da aka riƙe wuƙa da shi, gefen da hula ta karkata, yawan shayin da ya rage a kofi. A fim ɗin soyayya kuskurensa abin dariya ne kawai. A fim ɗin bincike, inda aka koya wa mai kallo ya zuba ido a kan kowane ƙaramin abu, tabon jinin da ya koma ɗaya hannun rigar zai zama alamar ƙarya da za ta ɓatar da shi.

Haske shi ne babban makamin wannan rana. Duhun da ake gani a fim haske ne da aka tsara, domin kyamara ba ta ɗaukar abin da ba a haska ba. Kuskuren da aka fi yi a finafinan Hausa iri biyu ne: ko a haska ɗaki tas kamar shagon sayar da atamfa, tsoro ya gudu, ko a bar shi dunɗum, mai kallo a ƙaramar waya bai ga komai ba. Mario Bava, wanda ya daɗe yana ɗaukar hoto kafin ya zama darakta, ya nuna hanya ta uku a Sei donne per l'assassino na 1964. Ya riƙa haska gefe ɗaya na fuska ya bar ɗayan, yana sa launin ja da kore da shuɗi a gaban fitilu, har ɗakin ɗinki na yau da kullum ya koma wurin da ba a so a shiga. Fitila ɗaya da aka ajiye a inda ya dace ta fi goma da aka watsa barkatai, kuma ta fi sauƙin man janareta.

Ita kyamarar ma tana iya zama idon mai laifi. Maimakon a nuna shi, sai a nuna abin da yake gani yana matsowa, mai kallo ya tsinci kansa cikin jikin wanda yake tsoro. Daga Bava ne siffar makashi mai rufaffiyar fuska da baƙar safar hannu ta bazu, kuma dabara ce mai arha: ba a buƙatar jarumin ya zo ranar, ba a kuma tona ko namiji ne ko mace. A finafinan Argento da dama, hannayen da ke cikin safar nasa ne shi daraktan. A fim ɗinsa na farko, da ana son nuna abin da mutum ke gani yana faɗowa daga bene, kyamarar kanta aka jefo ta taga. Ta ragargaje, hoton ya tsira.

Jini da rauni aikin mai kwalliya ne da masu haɗa dabaru. Jinin fim ruwan sukari ne mai kauri da aka rina, wuƙar roba ce ko mai shigewa cikin ƙotarta, naushin kuma ba ya sauka, kusurwar kyamara ce ke rufe tazarar. Italiyawa sun kai wannan sana'a matuƙa, har ta kai Lucio Fulci gaban kotu. A fim ɗinsa na 1971, Una lucertola con la pelle di donna, an nuna karnuka da aka farke wa ciki, aka tuhume shi da azabtar da dabbobi, sai da Carlo Rambaldi ya kawo karnukan roba da ya ƙera ya nuna wa alƙali. Rambaldin nan shi ne daga baya ya ƙera halittar fim ɗin E.T. a Amurka.

Mai shirya fim na Hausa ba shi da wannan sarari, kuma ba lallai ne ya buƙace shi ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba abin da za a nuna, kuma a 2024 ta hana finafinan da ke nuna harkar daba. Al'ada ma ba ta yarda namiji ya taɓa mace a fim ba. Wasu na ganin wannan ya ɗaure hannun mai fim ɗin sarƙaƙiya. Gaskiyar ita ce abin da mai kallo ya ƙiyasta a ransa ya fi abin da aka nuna masa firgitarwa. Inuwa a jikin labule, takalmi ɗaya a bakin rijiya, ƙofar da aka bari a rufe aka tarar a buɗe, sun isa. Fim ɗin Elio Petri na 1970, Indagine su un cittadino al di sopra di ogni sospetto, tun a farkonsa aka nuna wanda ya yi kisan: babban jami'in 'yan sanda ne, ya kashe farkarsa, ya kuma bar shaidu da gangan don ya ga ko akwai wanda zai iya tuhumarsa. Zullumin duka a kan tambaya ɗaya yake, ko hukuma za ta iya kama nata. Fim ɗin ya ci Oscar a 1971, kuma labari ne da mai kallo a Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa.

Sauti, tacewa da kasuwa

Idan akwai fagen da finafinan Hausa suka fi rauni, sauti ne, alhali rabin tsoro ta kunne yake shiga. Lokeshan a garin Hausa ba ya shiru. Ga babur, ga injin markaɗe, ga zakara, ga janaretan masu fim ɗin kansu, ga iska da ke bugun makirfo, idan kuma an kira sallah dole a dakata. Italiyawa sun kauce wa wannan matsala gaba ɗaya. Tun daga shekarun 1930, zamanin Mussolini, doka ta tilasta a juya finafinan waje zuwa Italiyanci, sai ƙasar ta tara gwanayen ɗora murya. Saboda haka finafinansu da yawa ba a ɗauki sauti a lokeshan ba sam. Jarumi ɗan Ingila ya yi Turancinsa, jaruma 'yar Jamus ta yi Jamusancinta, daga baya a shiga situdiyo a ɗora muryoyi da kowane harshe ake so. Wannan ya ba darakta damar yin magana da jarumai ana cikin ɗauka, ya kuma rage kwanakin aiki. Illarsa ita ce wani lokaci baki da murya ba sa haɗuwa.

Wannan gwaninta akwai ta a Kano. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita, sun shekara suna daidaita maganar Hausa da leɓen ɗan Indiya, har mutum ɗaya ya yi muryoyi da yawa. Abin mamaki shi ne ba kasafai ake amfani da wannan ƙwarewa wajen gyara sautin finafinan Hausa su kansu ba, inda ake jin muryar jarumi ɗaya a kusa, ta ɗayan kamar daga cikin randa. Bayan murya akwai ƙananan sautuka da ake haɗawa a situdiyo ɗaya bayan ɗaya: takun ƙafa a kan tsakuwa, ƙarar ƙyauren langa-langa, numfashin wanda ya ɓuya, kukan gyare. Su ne ke sa dare ya zama dare.

Sai kiɗa. Ennio Morricone ne ya yi wa finafinan Argento uku na farko kiɗa, da muryoyin mata masu kama da nishi da sautuka marasa daɗin ji da gangan. A Profondo rosso ƙungiyar Goblin da Giorgio Gaslini suka karɓa, kuma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne wata waƙar yara da ake kunnawa kafin kowane kisa. Da mai kallo ya ji ta sau biyu, a karo na uku ita kaɗai ta isa ta tayar masa da tsigar jiki. A finafinan Hausa da yawa kiɗan piyano ne ke bin kowane sin daga farko har ƙarshe, yana faɗa wa mai kallo abin da zai ji tun kafin ya ji. Alhali ƙasar da ke da tambari da kakaki da kuge da sarewa da goge ba ta rasa sautin da zai sanar da zuwan masifa ba. Bugun tambari guda a tsakiyar dare, a fim ɗin fada, kowane Bahaushe ya san ba lafiya ba. Shiru ma kayan aiki ne, kuma kyauta yake.

A teburin edita ake yi wa fim rubutu na ƙarshe. Shi ke yanke tsawon lokacin da za a bar mai kallo yana kallon rufaffiyar ƙofa, da daidai inda za a yanke kafin a ga fuska. Franco Fraticelli, wanda ya tace finafinan Argento na wancan zamani, yana cikin waɗanda suka gina sunan daraktan, ko da yake 'yan kallo kaɗan ne suka san shi. Edita a Kannywood yana aiki ne ƙarƙashin wani matsi na daban. Tunda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, gidajen sinima kuma ba su da yawa, finafinai suka koma YouTube da tashoshin talabijin, inda yawan sa'o'i ke kawo kuɗi. Sakamakon shi ne jan labari: a nuna mota ta iso, maigadi ya buɗe ƙofa, an yi fakin, an fito, an gaisa har da tambayar mutanen gida. Fim mai sarƙaƙiya ba ya rayuwa a haka. Duk sin da bai ƙara tambaya ko ya kawo amsa ba, cire shi ya kamata a yi, ko da an kashe kuɗi wajen ɗaukarsa.

Kuɗin da ke dawowa shi ke yanke hukuncin fim na gaba. Abin da masu tura fim ke karɓa a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota ba kasafai yake isa hannun furodusa ba, shi kuma idan zai rage kashe kuɗi ba ya taɓa kuɗin fitaccen jarumi, domin fuskarsa ce ke jawo 'yan kallo. Marubuci da mai sauti da edita ake matsewa, wato daidai mutanen da fim mai sarƙaƙiya ya dogara a kansu. Italiya ma ta ga irin wannan sauyi, domin yaɗuwar tashoshin talabijin masu zaman kansu a shekarun 1980 na cikin abubuwan da suka karya kasuwar giallo.

Harshen Hausa yana da wata dama a waje. Gasar Oscar ta ƙi karɓar fim ɗin Najeriya Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa, daga nan Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa ne, a 2020, sannan Mai Martaba a 2024. Babu wanda ya shiga jerin 15 na share fage a cikinsu, amma sun nuna cewa labari da harshe da wuri ba su ne matsalar ba. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, tana da makarantar koyon fim a Jos, kuma a Daura da Baure da Zango da Mai'adua da Sandamu akwai matasan da suka koyi tace bidiyon biki da gajerun wasanni da kansu. Ya kamata gwamnatin Katsina da masu hannu da shuni na masarautar Daura su ɗauki nauyin horar da irin waɗannan a fannin haske da sauti da tacewa, masu shirya fim kuma su ware kuɗin marubuci da mai sauti da edita tun kafin su kira jarumi.